Kumburin Cikin Jiki Mai Daɗewa da Yadda Ake Gane Shi a Jini

Wannan bayani domin hakiman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ne, da malamansu, don su fahimtar da dagatai da masu unguwa.

Kumburi iri biyu ne. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, watau wurin ya yi zafi, ya tasa, ya yi zogi, bayan 'yan kwanaki ya saɓe. Na biyu kuwa a cikin jiki yake, ido ba ya ganinsa, yakan yi watanni ko shekaru yana cin mutum kamar wutar ƙaiƙayi. Alamunsa su ne rama ba dalili, da kasala, da zazzaɓi mai tafiya ya dawo, da zufar dare, da ƙarancin jini, da sagewar gaɓoɓi da safe. Tarin fuka yana kawo shi, haka nan gyambo, da amosanin gaɓoɓi, da ƙura irin wadda masu haƙar kuza a Riruwai ke shaƙa.

A shekarar 1930 likitoci biyu a Amurka, Tillett da Francis, suka gano wani sinadari a jinin masu ciwon haƙarƙari. Ana kiransa CRP. Hanta ce ke yin sa. A jinin mai lafiya bai cika wuce miligiram 5 cikin lita guda ba. In kumburi ya tashi, sai ya fara hawa bayan kamar awa 6, ya kai ƙarshen hawansa cikin kwana 2. In cutar ta warke, nan da nan yake sauka. Saboda haka in an auna yau, aka sake aunawa bayan 'yan makonni aka tarar bai sauka ba, to, akwai abin da ke ɓoye. Jini kaɗan ake ɗiba, ba ya rage wa mutum ƙarfi.

Amma fa awon nan hayaƙi yake nunawa, ba ya faɗin ɗakin da wutar take. Zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga shi. Sai likita ya bi sawu da awon majina, ko hoton ƙirji, ko awon fitsari. Yaran da ke wanka a ruwan Tiga, wanda aka datse a 1974, in suna fitsarin jini, awon fitsari ne zai nuna tsargiya, ko da CRP bai hau ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a riƙa neman tarin fuka da awon CRP ga masu cutar ƙanjamau.

Abin da ake so ga hakimai shi ne:

1. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari, a tura shi asibiti. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata 6 ake sha ba fashi.
2. Malamin hakimi ya rubuta sunan mara lafiya da garinsa da ranar da aka tura shi, ya kuma bincika ko ya koma awo na biyu.
3. A hana mutane dogara ga ƙwayoyin kashe zogi na 'yan talla, gama suna rufe ciwo, cuta kuwa tana nan.

Magidanci ɗaya in ya kwanta da damina, gonarsa ta kwanta. In kuwa tarin fuka ne, yana iya sa wa iyalinsa tun ba a farga ba.