Kawunan Jirgi Masu Shan Dizal, da Masu Ƙera Ƙananansu

Sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa, an ba ni aji shida a wata makaranta da ke daura da tasha. Na rubuta wa yara 1:87 a allo, na tambaye su ma'anarsa. Duk suka yi tsit. Amma da jirgi ya yi kuka, sai ajin duka ya juya wajen taga, har wani yaro ya gaya mini yawan taragun da yake ja tun ba a gan shi ba. Daga ran nan na gane a inda zan kama su. Wannan ne ya sa na tattaro abin da ke biye, ko zai amfani 'yan'uwana waɗanda za su tsaya gaban aji kamar ni.

1. Yadda kan jirgi mai dizal ke aiki

Injin nan ya sami sunansa daga wani Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda ya kammala na farko mai aiki sosai a 1897. Ba ya bukatar fulogi kamar injin fetur. Ana matse iska ne a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mata mai, sai ya kama da kansa. In kana so yara su yarda, kawo famfon keke, ka toshe bakinsa da yatsa, ka sa ɗayansu ya buga. Zai ji ƙarshen famfon ya ɗumama.

To, galibin manyan kawunan jirgi ba injin ne ke juya ƙafafunsu kai tsaye ba. Injin yana juya janareto, janareto ya ba da lantarki, lantarkin ya tafi ga waɗansu motoci da ke manne da ƙafafun, su ne ke juya su. Watau kan jirgin yana ɗauke da gidan wutarsa a cikinsa. Jamusawa sun bi wata hanya dabam a kansu mai suna V 200, wanda ya fito a 1953: shi ruwan mai ne ke kai ƙarfin injin ga ƙafafu.

Dalilin da ya sa dizal ya ture mai tururi a fili yake. Mai tururi sai an hura masa wuta sa'o'i kafin ya motsa, sai ya yi ta tsayawa shan ruwa da ɗaukar kwal, a kuma kwashe masa toka. Mai dizal kuwa, a tayar da shi ya kama hanya.

2. Waɗansu iri da suka yi suna

A Amurka, ran 26 ga Mayu 1934, jirgin Zephyr ya tashi daga Denba ya isa Shikago, mil 1,015, cikin sa'a 13 da minti 5 ba tsayawa. Amma wanda ya karya ƙarfin mai tururi wajen jan kaya shi ne FT, na kamfanin Electro-Motive, reshen General Motors, a 1939. Kawuna huɗu ake haɗawa, kowanne da ƙarfin doki 1,350, direba ɗaya ya sarrafa su duka daga gaba. Ƙanensa F7, mai ƙarfin doki 1,500, ya fito a 1949. Shi ne mai dunƙulallen hanci wanda aka fi gani a hotuna.

Irin waɗannan suna da aibi guda: jikinsu a rufe yake, direba ba ya ganin baya sosai. Saboda haka kamfanin ALCO ya fito da RS-1 a 1941, mai siririn jiki da hanyar tafiya a gefe, yadda zai iya jera taragu a tasha ya kuma yi doguwar tafiya. Electro-Motive ya bi sahu da GP7 a 1949. Bai kai F7 kyan gani ba, amma ya fi shi sauƙin gyara, kuma fasalinsa ne ya zama na yawancin kawunan da suka biyo baya. ALCO kuwa ya daina ƙera kawunan jirgi a Amurka a 1969.

A Ingila, wanda aka fi tunawa shi ne Deltic. An ƙera guda 22 tsakanin 1961 da 1962, kowanne da injin biyu, ƙarfin doki 3,300 gaba ɗaya, suna gudun mil 100 a sa'a tsakanin Landan da Edinbara. An jera silindoginsa ne a siffar kusurwa uku, kamar harafin Girkanci delta, daga nan sunan ya fito. An sallame su daga aiki a farkon 1982. A ƙasarmu ma, kawunan dizal na kamfanin English Electric sun iso a 1955, lokacin da kwal ɗin Inugu ne abincin jiragenmu.

3. Masu ƙera ƙananan jirage

Tun kafin dizal ya bayyana akwai masu ƙera ƙananan jirage don wasa da nazari. Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne a 1891 ya nuna dogo mai faɗi ƙayyadadde, wanda ake saye gunduwa gunduwa ana harhaɗawa. Lionel na Amurka ya fara a 1900, dogonsa mai ƙarfe uku ne, na tsakiya ke kawo wuta. A 1948 ya fito da ƙaramin F3 mai fentin reluwen Santa Fe, ja da ruwan azurfa, ya yi kasuwa ƙwarai. A Ingila, Frank Hornby na Libaful ya fara sayar da jirage masu wani a 1920, irin na agogo, sa'an nan Hornby Dublo ya fito a 1938. Athearn na Amurka ya yi suna da arha: a da, a kwali ake sayen jirginsa, mutum ya haɗa da hannunsa. Kato na Japan kuwa gwani ne wajen ƙanana ƙwarai.

Abin lura shi ne, ƙaramin kan dizal ba ya shan mai ko ɗigo. Ƙaramar mota ce ta lantarki a cikinsa, tana samun wuta daga dogo. Ta nan bai yi nisa da babbansa ba, tun da shi ma lantarki ke juya ƙafafunsa.

4. Ma'auni

Nan ne darasinmu yake. Ma'aunin HO shi ne 1:87, watau inci ɗaya a ƙarami daidai yake da inci 87 a babba. Faɗin dogon da aka fi amfani da shi a duniya milimita 1,435 ne. Raba shi da 87, ka sami 16.5, kuma haka faɗin dogon HO yake. Ma'aunin N shi ne 1:160, dogonsa milimita 9. Na Z, wanda Märklin ya fito da shi a 1972, 1:220 ne.

Ingilishi suna da nasu, OO, 1:76, amma a kan dogon nan na 16.5 yake tafiya. Raba 1,435 da 76, za ka sami kusan 19. Ashe dogon ya yi wa jirgin kaɗan. Sun yi haka ne domin kawunan jirginsu ba su kai na Amurka girma ba, motocin lantarki na lokacin kuwa ba su shiga ciki sai an ƙara girman jikin.

5. A cikin aji

Kada wani ya ce makarantarsa ba ta da kuɗin sayen waɗannan. Ni ma ban saya ba. Kwalin sabulu muka samu, da marafan kwalba don ƙafafu, da karan dawa don dogo. Tsawon F7 ƙafa 50 ne da inci 8, watau inci 608. Yara suka raba da 87, suka sami inci 7, suka auna suka yanka. Wanda ya yi kuskuren lissafi, kansa ya fito ya fi na kowa tsawo, ba sai na yi masa magana ba. Mako na biye da muka ɗauko taswira, ba wanda ya tsaya tambayar ma'anar lambobin da ke ƙasanta.

Ga tambayoyi uku da za ka gwada ajinka da su. Tsawon Deltic ƙafa 69 ne da inci 6. Inci nawa zai zama a ma'aunin OO? Tsohon dogonmu na Ikko zuwa Kano faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. Nawa zai zama a ma'aunin HO? Dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne; me zai hana kan jirgin tsohon dogo ya hau shi? Ka fara yin lissafin da kanka da dare kafin ka shiga aji, domin yaran tasha ba su raga wa malami a kan zancen jirgi.