Renon Magada a Aikin Gwamnati

Bisa ga ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, yawancin ma'aikata sukan yi ritaya in sun cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 suna aiki, duk wadda ta riga zuwa. Watau tun ran da aka ɗauki mutum an san ran da zai ajiye aiki, in Allah ya ja kwana. Amma duk da haka akan ga shugaban sashe ya tashi, ofis ya tsaya cik. Fayiloli su taru a kan tebur, 'yan fansho su yi ta zarya, don babu wanda ya san bakin zaren. Wanda ya fi shan wahala kuwa shi ne talakan da ya biya kuɗin mota daga ƙauye don a sa masa hannu a takarda, aka ce ya dawo wani mako. Dalilin wannan ɗaya ne: wanda ya tashi bai reni magaji ba.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana wannan matsala. Da mulkin kai ya gabato a shekarar 1960, Turawa ne ke riƙe da yawancin manyan muƙamai, ga shi kuwa suna haramar komawa gida. A Jihar Arewa abin ya fi tsanani, saboda ƙarancin waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a Zariya a 1947 ita aka ɗaukaka a 1954 ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki, aka riƙa zaɓo samari daga En'e da ofisoshin gwamnati ana horar da su don su zama mataimakan Di'o. Ba a kuwa tsaya ga karatun aji kaɗai ba. Akan haɗa yaro da Baturen da zai gada, su fita rangadi tare, ya ga yadda ake duba baitulmali, da yadda ake sauraron kukan jama'a, kafin a sakar masa ragama. A 1963 Malam Ali Akilu ya karɓi muƙamin Sakataren Firimiya daga hannun Bature, wanda shi ne kujera mafi girma a aikin gwamnatin Arewa.

Darasi na biyu ya zo a 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata wajen 10,000 cikin 'yan watanni. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan shara, ta tona asirin ofisoshi da yawa. Inda babba ya saba jan na ƙasa a jiki, aiki ya ci gaba. Inda kuwa ya saba kulle kome a aljihun teburinsa, sai waɗanda aka ɗaga suka tarar da kujera ba su tarar da sanin aiki ba.

Gwamnati ta tanadi wuraren horo. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu an kafa shi a 1971. A 1973 aka yi dokar kafa Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata, wadda ke Topo kusa da Badagry. A 1979 kuma aka buɗe Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki a Kuru, kusa da Jos, inda manyan ma'aikata da hafsoshin soja da na 'yan sanda da shugabannin kamfanoni ke zama wuri guda na tsawon watanni suna nazarin al'amuran ƙasa. Kwamitin Cif Jerome Udoji, wanda ya ba da rahotonsa a 1974, mutane sun fi tuna shi da ƙarin albashi da ariyas, alhali kuwa ya matsa ƙwarai a kan horar da ma'aikata, da auna mutum da abin da ya aikata.

Sai dai kos ba ya mai da mutum shugaba. Wanda ya je Badagry ya yi mako shida, ya komo aka mayar da shi ga kwafar wasiƙu kamar dā, an yi asarar kuɗin hukuma. Ainihin reno a cikin ofis ake yinsa, a hannun shugaban da ke zaune da yaro kullum. In fayil mai wuya ya zo, maimakon shugaba ya rubuta hukunci shi kaɗai, sai ya miƙa wa mataimakinsa ya ce ya rubuto shawararsa. In ya kawo, a zauna a duba tare, a nuna masa inda ya manta da wata doka, ko inda ya yanke magana bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Ran da za a je kare kasafin kuɗin ma'aikata a tafi da shi, ya ga irin tambayoyin da ake yi. In shugaba zai tafi hutu, ya bar masa riƙon ofis na gaskiya, har da ikon sa hannu gwargwadon abin da ƙa'ida ta yarda, kada ya riƙa bugo waya safe da yamma yana warware abin da aka ƙulla. Lalle mai koyo zai yi kuskure. Gara ya yi shi yanzu, a kan ƙaramin al'amari, da mai gyara kusa, da ya yi shi gobe a kan kuɗin asibitin gari guda.

Yana da kyau kuma a riƙa juya ma'aikaci daga sashe zuwa sashe. Wanda ya shekara 20 a sashen kuɗi kaɗai, ran da ya zama Darakta kome zai gani da idon ma'aji. Wanda kuwa ya taɓa aikin kula da ma'aikata, ya zauna a ofishin jiha nesa da hedkwata, ya san yadda umurnin da aka rubuta a Abuja yake zama in ya isa ƙauye.

Abin da ya fi hana wannan reno shi ne tsoro. Wani shugaban yana ganin in yaronsa ya ƙware zai ture shi, saboda haka sai ya ɓoye sani kamar mai maganin gado. Wannan lissafi bai fita ba, domin wanda ba shi da mai riƙe masa ofis shi ne ba a iya sakinsa ya tafi kos ko a ɗaga shi gaba. Wani kuma yakan reni magaji, amma sai ɗan garinsu ko mai kai masa gulma. Sauran ma'aikata suna gani, kuma daga ran nan masu ƙwazo sukan janye jiki. Ya kamata a zuba ido a kan mutum biyu ko uku, maza da mata, daga kowane sashe na ƙasa suka fito, a gwada su da aiki iri ɗaya. A lura da wanda ke faɗa wa na sama gaskiya cikin ladabi, da wanda masinja da direba ba sa fargabar shiga ofishinsa.

Shi ma ƙaramin ma'aikaci akwai nasa. Ya karanta ƙa'idojin aiki da na kashe kuɗin gwamnati tun kafin jarrabawar ƙarin girma ta matso, ya kuma bi tsofaffin fayiloli ya ga yadda magabata suka warware matsaloli irin na yau.

In ranar tashi ta zo, ƙa'ida ce mai barin ofis ya rubuta takardar miƙa aiki. A ciki ya bayyana ayyukan da ba a gama ba da inda kowanne ya tsaya, da basussukan da ake bin sashen, da alkawuran da aka yi wa jama'a, da kayan hukuma da makullan da ke hannunsa. Shi da mai karɓa su bi ta tare layi layi, su sa hannu, a aika da kwafi ga na sama da su.