Hayaƙin da ke ɓoye a cikin hazon hunturu

Aikina karanta hotunan tauraron ɗan'adam ne, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu allon kwamfutata cike yake da jajayen ɗigo. Kowane ɗigo wuta ce da na'urar VIIRS ta hango zafinta daga sama, a cikin fili mai faɗin mita 375. Hukumar NASA na saka su kyauta a taswirar FIRMS, duk mai data zai iya leƙawa. Sukan jeru tun daga Gini, su ratsa arewacin Gana da tsakiyar Najeriya, har Sudan ta Kudu. Mafarauta ne ke cinna su, da masu sharar gona, da makiyayan da ke son ciyawa ta toho.

In gari ya yi hazo, kowa sai ya ce ƙurar Sahara ce. Da gaskiyarsu. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iska ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Sai dai a hanyarta ta kudu tana cakuɗuwa da hayaƙi. A hoto ƙura kan fito fari-fari ko ruwan ƙasa, hayaƙi kuwa toka-toka mai ratsin shuɗi. In ido ya kasa rabewa, sai mu nemi tauraron Sentinel-5P, wanda aka harba a 2017. Shi yana auna iskar kabon monoksaid, wadda wuta ke fitarwa, ƙura ba ta da ita.

Abin damuwar, ƙwayoyin hayaƙi sun fi na ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka sun fi nutsewa cikin huhu. Mai asma, jariri da tsoho su ke fara ji a jikinsu.

Kada kuma taswira ta ruɗe ku. VIIRS yakan wuce ne da azahar da kuma tsakar dare, wutar da aka cinna bayan la'asar ta mutu kafin isha'i ba zai gan ta ba. Tauraron Meteosat kuwa na ɗaukar hoto duk minti 15, amma ƙaramar wuta na kuɓuce masa. Gajimare ma na rufe komai. Saboda haka in kuka ji ƙauri, idanu na yaji, ku rufe tagogi, ku mayar da yara ɗaki, mai fita ya sa takunkumin N95, ko da taswira ta nuna babu wuta kusa.