Amsoshin Tambayoyinku: Wa'azi Ko Tilastawa?

Wani mai sauraronmu daga Zonkwa ya tambaya: shin Kirista ya riƙa shelar bishara, ko kuwa cusa wa mutane addini ne?

Malam, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ka 'yancin yaɗa addininka. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, kuma ta umurci Kirista ya amsa wa mai tambayarsa cikin tawali'u. In maƙwabcinka ya tambaye ka, ka shimfiɗa tabarma ka yi masa bayani. Amma kafa lasifika a bakin tagarsa da asuba, ko sharaɗin sai ya tuba za ka biya wa ɗansa kuɗin makaranta, wannan zalunci ne. In ya ce a'a, ka ƙyale shi, ku ci gaba da gaisawa.