Ciniki a cikin salula

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda ake ciniki a babbar kassuwar Maradi ko kassuwar Dole ta Damagaram. Mai saye yana tsaye gabanka. Ya taɓa haja, ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka sallama. Kuɗɗi hannu, kaya hannu.

Yanzu mutane da yawa suna ɗaukar hoton hajarsu su sa a WhatsApp ko Facebook: atamfa, turaren wuta, kilishi, har ragon layya. Abin yana da amfani. Amma wanda ke taya maka kaya, ba ka ganin idonshi.

To, kafin ka sa hoto, ɗauki alƙalami ka yi lissafi. A ce ka saro turmin atamfa jikka 8. Ka biya kuɗɗin mota dala 100. Ka sa dala 100 a salula don intanet. Ka ga turmin ya tsaya maka jikka 9 ke nan. Rubuta wannan a littafinka. Ƙarƙashin hoton kuwa ka rubuta kuɗɗin da kake so, misali jikka 11.

Ba za a daɗe ba wani zai aiko murya: "Jikka 6, in ka sallama yanzu-yanzu." Kada ranka ya ɓaci, taya ba zagi ba ne. Amma duba littafinka. In ka sallama, ka faɗi da jikka 3, ban da wahalarka. Ka ce mishi: "Albarka. Ƙarshenshi jikka 10." In ya ce ya gani a wani wuri da araha, ka yi mishi fatan alheri. Da yawa cikin masu irin wannan tayi ba su da niyyar saye, gwada ka suke yi.

Mai tayin banza ma da sauƙi. Wanda ya fi cutarwa shi ne mai cewa: "Na saya, ajiye mini." Ka ajiye. Wata ta zo da kuɗɗinta, ka ce an saye. Kwana 3, shiru. Ko ya ce a kawo mishi gida. Ka ɗauki ɗan kabu-kabu, ya isa unguwar, a kira salula a kashe. Kuɗɗin zuwa da dawowa duk a wuyanka. Ni kaina an taɓa yi mini haka da buhun wake, har yau ban san fuskar mutumen ba.

Saboda haka, wanda ke son a ajiye mishi kaya ya ba da wani abu tukuna, ko da jikka 2 ne, ku kuma yanka rana. In kayan za su tafi Tawa ko Yamai a mota, sai kuɗɗi sun iso kafin ka kai su tasha.

Ka yi hattara nan. Wani zai aiko maka hoton takarda, ya ce ya turo kuɗɗi ta Nita ko Al Izza. Hoto ba kuɗɗi ba ne, ana iya ƙirƙira shi. Ka je ka amsa, ka ƙirga, sa'an nan ka saki kaya.

Aikin gida: ka saro kwalbar turare jikka 3, ka kashe dala 60 wajen kawo ta. An taya maka jikka 3 da dala 40. Za ka sallama?