Kafin ka sa hannu a ofishin 'yan sanda a Ingila

'Yan'uwa sababbin zuwa, maganar katin shiga bas da rajistar likita da buɗe asusun banki ba sai na tsaya a kanta ba, wayarku za ta faɗa muku. Abin da ke damuna kalma ce ta Turanci da muka koya tun firamare, simple, wadda malamanmu suka ce ma'anarta mai sauƙi. Gaskiya suka faɗa, amma ba su ƙarasa ba. Kalmar ta shiga Turanci ne daga Faransanci, asalinta kuma Latin, inda take nufin abu mai ninki ɗaya, wanda ba a haɗa shi da komai ba. Daga nan ta yi rassa: mai sauƙi, zalla, mai tawali'u, har da wawa. A bakin hukuma sau da yawa zalla take nufi.

A Ingila da Wales 'yan sanda suna da wani gargaɗi da suke kira simple caution, wanda ake yi wa wanda ya kai shekara 18 a kan ƙaramin laifi ba tare da an je kotu ba. An sa masa wannan suna ne don a bambanta shi da gargaɗi mai sharaɗi wanda dokar 2003 ta kawo. Wato gargaɗi ne tsurarsa. Ba a yin sa sai mutum ya amsa laifi da bakinsa, ya kuma yarda ya karɓa. Daga nan sunansa ya shiga kundin 'yan sanda na ƙasa.

A cikin gidana abin ya faru. Ɗan ƙanwata da ke zaune a wurina, gardama ta haɗa shi da wani a tashar bas, ya ture mutumin. Da aka kai shi ofishin 'yan sanda aka tambaye shi ko yana son lauya sai ya ce a'a, a ganinsa lauya na manyan masu laifi ne, ga tsada, ga shi yana so a rufa asiri kafin labari ya iso kunnena. Ya sa hannu a kan gargaɗin ya dawo gida. Sai da ya nemi aiki a gidan kula da tsofaffi, hukumar DBS mai binciken tarihin laifi ta fitar da takardar bincikensa da gargaɗin a ciki, aikin ya kuɓuce, sannan ya zo yana cewa, "Kawu, ai na ɗauka abu ne mai sauƙi." Irin wannan aiki da na asibiti da na makaranta duk sai an yi wannan bincike, gargaɗin baligi kuwa yakan shekara 6 kafin ya daina fitowa a takardar, na wasu laifuffukan ma ba ya gogewa ko kaɗan. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu aikin kulawar nan ne ya kawo su.

Abin takaicin shi ne lauyan kyauta ne. Dokar 1984 ta ba duk wanda aka tsare damar ganin lauya, dare ko rana, ba a duba aljihunsa. Tafinta ma kyauta ne. Ka nemi na Hausa ko da digirinka biyu, domin Turancin doka daban yake da na aji. Ka kuma kula da ladabinmu na gida. Mu muna ba da haƙuri ne don a kashe wuta, ko da mu ke da gaskiya. A ɗakin tambayoyi ana naɗar magana, ban haƙurin nan na iya zama amsa laifi.

Tun farko ma, don Allah ku riƙe hannuwanku. Ko an zage ka, ko an yi maka kallon raini saboda hularka ko hijabinki, kada ka taɓa jikin kowa. A cikin gida ma haka, matarka da 'ya'yanka doka tana bayansu, addini ma bai ce ka wulaƙanta su ba. Kada ka durƙusa kana roƙon ɗan sanda, kada kuma tunanin na goro ya zo maka, wannan babban laifi ne. Ka tsaya da mutuncinka, ka faɗi sunanka, ka ce lauya kake jira.

Idan kuwa ka riga ka karɓi gargaɗin, ka adana kwafin takardar. Fom ɗin sabunta biza da na zaman dindindin da na zama ɗan ƙasa suna tambaya game da gargaɗi, ka rubuta shi yadda yake. Ma'aikatar cikin gida na iya ɗaukar ɓoyewa a matsayin yaudara, ta ƙi buƙatarka a kan haka kawai. Kafin ka aika fom ɗin, ka nuna wa lauyan shige da fice mai rajista.