Tumbiɗin Jarirai da Hatsarin Gaggawar Ba Su Magani

Duk gidan da aka taɓa goyo an san tumbiɗi. Jariri ya sha nono ya ƙoshi, jim kaɗan sai a ga nonon ya biyo gefen bakinsa, wani lokaci har ta hanci, ya ɓata zanin goyo da kafaɗar uwa. Iyayenmu na dā ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, gogewa kawai suke yi su ci gaba da sha'aninsu. Amma yau da kemis ya yawaita a kowace unguwa, maijego tana cewa yaro yana dawo da nono, sai a aika a sayo kwalba. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa a wurin mafi yawan jarirai tumbiɗi ba ciwo ba ne, kuma maganin da ake gaggawar ɗura musu saboda shi ya fi tumbiɗin kansa hatsari. Wanda ya gane wannan zai san lokacin da ya kamata a yi haƙuri, ya kuma san lokacin da ya wajaba a garzaya asibiti.

A inda hanyar abinci ta haɗu da ciki akwai wata tsoka mai kama da zobe. Aikinta ta buɗe abinci ya wuce, ta rufe kada ya dawo. A jikin jariri wannan tsoka ba ta gama ƙwari ba, takan saki ba lokacin saki ba. Ga shi hanyar abincinsa gajera ce, abincinsa ruwa ne zalla, kuma yawancin yininsa a kwance yake. Jariri yakan sha kamar mililita 150 na nono a kan kowane kilo na nauyinsa a yini guda. Da babban mutum mai kilo 70 zai sha gwargwadon haka, da sai ya shanye fiye da lita 10 yana kwance, kuma babu wanda zai yi mamaki in wani abu ya dawo. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta bayyana a 2015 cewa aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna tumbiɗi, abin yakan fara kafin su cika mako 8, kuma 9 cikin 10 na masu yinsa sukan daina kafin su cika shekara. Yakan fi yawa wajen wata na 4, sannan ya riƙa raguwa yayin da yaro ya fara zama, ya fara cin abinci mai kauri.

Saboda haka yawan zanen da aka wanke ba shi ne abin dubawa ba, yaron ake duba. In yana kama nono da ƙarfi, yana fitsari kamar sau 6 ko fiye a yini, yana wasa, kuma layinsa a katin awo yana hawa, to lafiyarsa lau ko da yana tumbiɗi bayan kowace shayarwa. Ido yakan ruɗi uwa, domin ɗan nono kaɗan in ya bazu a zani sai ya zama kamar duk abin da yaro ya sha ne ya fito. Ma'aunin asibiti shi ke raba gardama, kuma ranakun rigakafi na mako 6 da 10 da 14 dama ce ta auna yaro ba tare da wata tafiya dabam ba. Abin da ake yi wa irin wannan jariri ba ya cin ko kwabo. A shayar da shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada a bari sai yunwa ta gallabe shi ya haɗiyi nono da iska. A sa shi gyatsa a tsakiyar shayarwa da bayanta, a riƙe shi a miƙe a kafaɗa na minti 20 zuwa 30, kada a yi ta cilla shi sama ko a matse masa ciki da ɗauri. Kada a sha taba inda yake. Uwa ta ci gaba da ba shi nononta zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi horo. Mai shan madarar gwangwani kuwa, a duba ko ana cika masa fiye da kima, domin wannan shi ne babban dalilin tumbiɗinsa sau da yawa.

Akwai dai aman da ba tumbiɗi ba ne, kuma wajibi ne kowane uba da uwa su san shi. Amai kore alama ce ta toshewa ko murɗewar hanji, kuma ba a kwana da shi a gida. Aman da ke fita da ƙarfi yana tsartuwa nesa bayan kowace shayarwa, a jaririn da ke tsakanin mako 2 da 8, yana kuka da yunwa nan take yana ramewa, yana iya zama ƙuntatar mafitar ciki, wadda ta fi samun 'ya'ya maza, kuma ƙaramin aikin tiyata ke gyara ta, ba ruwan kwalba ba. Haka nan jini a amai ko a kashi, kumburin ciki, zazzaɓi a jaririn da bai cika wata 3 ba, kumburi ko loɓawar maɗiga, mutuwar jiki, ƙin nono, tsayawar nauyi, da aman da ya fara bayan wata 6 ko ya zarce shekara. In tumbiɗi ya haɗu da ƙuraje masu ƙaiƙayi da gudawa, likita zai yi tunanin ko jikin yaron ne ba ya karɓar madarar shanu, sai a gwada janye ta na mako 2 zuwa 4. Ga duk waɗannan, maganin tsayar da amai ba abin da zai yi illa ya rufe alama ya ɓata lokaci.

To, a zo ga magunguna. Kashi na farko su ne masu rage tsamin ciki, irin su omefirazol da lansofirazol. Wani zai ce, ai yaron kuka yake yana banƙarewa, tabbas ƙirjinsa ke zafi kamar yadda manya ke ji. An gwada wannan zato. A wani bincike da aka buga a 2009, an raba jarirai 162 masu irin waɗannan alamu gida biyu, aka ba wasu lansofirazol, aka ba wasu abin da ya yi kama da magani amma ba magani ba ne. Bayan mako 4, kashi 54 cikin 100 sun samu sauƙi a kowane ɓangare, babu bambanci. Inda aka ga bambanci shi ne wajen illa, domin ciwon huhu da makamantansa sun fi yawa a cikin waɗanda suka sha maganin. Dalili a fili yake. Wannan magani ba ya hana nono dawowa, tsaminsa kawai yake ragewa, shi kuwa tsamin ciki Allah Ya yi shi ne ya kashe ƙwayoyin cuta da ke shiga ta baki. In aka raunana shi, an buɗe ƙofa ga gudawa da ciwon huhu, kuma a ƙasar da gudawa ke cikin manyan masu kashe ƙananan yara wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranitidin, wanda aka sani da Zantac, an shekara da shekaru ana ba jarirai, har a 2020 hukumomin Amurka da na Turai suka janye shi saboda an samu wani sinadari a cikinsa da ake zargi da jawo ciwon daji. Kukan jariri kuwa, ko mai tumbiɗi ko marar yi, yakan kai ƙololuwa wajen mako 6, ya lafa wajen wata 3 zuwa 4.

Kashi na biyu sun fi hatsari, kuma su aka fi samu a kemis: magungunan tsayar da amai. Metokilofiramid, wanda ake sayarwa da sunan Maxolon ko Plasil, yana iya sa wuyan yaro ya murɗe, idanunsa su juya sama, harshe ya fito, jiki ya sanƙare. Iyaye da yawa in sun ga haka sai su ce jijjiga ce ko shafar aljanu, a kama hayaƙi da tofi, ba wanda ya tuna da cokalin da aka ba shi ɗazu. Hukumar magunguna ta Turai ta hana ba da shi ga yaron da bai cika shekara ba tun 2013. Motilium yana iya rikita bugun zuciya, kuma a 2019 Birtaniya ta daina amincewa da shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 12. Phenergan, wanda wasu ke ba jariri don ya daina amai ya yi barci, an hana shi ga ɗan ƙasa da shekara 2 domin yana iya danne numfashi har rai ya fita. Ko Gaviscon na jarirai, wanda likita kan sa a gwada na mako 1 ko 2, yakan busar da kashi, kuma ba a ba yaro mai gudawa ko zazzaɓi.

Kada kuma a ce ai na gargajiya ko na kanti ba su da laifi. Gripe Water, wanda ya samo asali a Ingila tun ƙarni na 19, babu hujjar da ta tabbatar yana rage tumbiɗi, sai dai ya cinye gurbin nono a cikin yaro. Ɗura jiƙo da hannu tana iya sa yaro ya shaƙe ruwa ya shiga huhu, zuma kuma ba a ba wanda bai shekara ba saboda wata cuta mai shanye jiki da takan ɓoye a ciki. Cire beli a wurin wanzami ba ya taɓa tsokar da ke can ƙasa a bakin ciki, abin da yake iya jawowa shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Mu tuna da My Pikin, maganin fitar haƙori da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a Nijeriya a 2008 da 2009. Fitar haƙori ba ciwo ba ce, haka ma tumbiɗi. Duk kwalbar da aka buɗe don abin da ba ciwo ba, an ɗauki hatsari ne ba don wata riba ba, garin neman gira a rasa ido.

Wata za ta ce, ni na ba nawa magani kuma ya daina tumbiɗi. Amsar ita ce, abin da zai wuce da kansa, duk abin da aka ba yaro daf da wucewarsa shi ke samun yabo, kuma binciken da aka ambata a sama ya nuna haka ƙarara. Wata kuma za ta ce, in na kwantar da shi rigingine ai zai shaƙe, gara rub-da-ciki. Wannan tsoro ne mai ma'ana, amma jariri mai lafiya yana haɗiyewa ko ya tofar da abin da ya taso, kuma kwanciyar rub-da-ciki ita ce aka tabbatar tana ƙara mutuwar jarirai cikin barci. Da Amurka ta fara kiran a riƙa kwantar da su rigingine a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi cikin 'yan shekaru. Saboda haka rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi. Ba kuma ana cewa babu jaririn da ke bukatar magani ba ne. Akwai bakwaini, da masu larurar ƙwaƙwalwa, da waɗanda tsami ya ji wa hanyar abinci ciwo har suka ƙi ci suka rame. Irin waɗannan likita ne ke auna musu gwargwadon nauyinsu, ya sa wa'adi kamar na mako 4, ya sake dubawa, in bai yi amfani ba ya tsayar.

In an rubuta wa yaronku magani, ku tambayi sunansa da adadinsa da ranar dainawa da illar da za ku sa wa ido, ku auna da sirinji ba da cokalin gida ba. In bayan shansa kuka ga kumburin fuska, ko ƙuraje, ko wahalar numfashi, ko sanƙarewa, ko barcin da ba a iya tashinsa, kada a ƙara ba shi, a ɗauki yaro da kwalbar a tafi asibiti nan take, a kuma roƙi ma'aikaci ya kai rahoto ga hukumar NAFDAC. Maigida ya gane cewa likitan da ya auna yaro ya sallame shi ba takardar magani ya yi aikinsa, bai raina shi ba. Kaka da uwar miji, waɗanda maganarsu ke da nauyi a ɗakin jego, su kwantar wa maijego hankali maimakon su ce nononta ne ba shi da kyau. Mai kemis kuwa ya ji tsoron Allah, in aka zo masa da zancen jariri mai amai, ya nuna hanyar asibiti.